Rubutun Likitan da Ya Gagare Ni

"Saura minti biyu," in ji mai jarrabawar, tana duba agogo.

Na sake juya takardar likitan. Shekara goma sha tara ina ba da magani a kantin yayana, har daga wasu kantuna ake kawo mini rubutun likitoci in karanta. Yanzu an ce sai da lasisi. Gwajin ƙarshe shi ne ka karanta takarda ka haɗa maganin, ga shi layi uku sun tsaya mini a wuya.

Mutum goma sha ɗaya suka shiga kafin ni, duk na haife su, kuma kowa ya fito yana murmushi. Na ƙanƙance ido, na ɗaga takardar saitin taga. Farkon kamar maganin hawan jini, ƙarshen kamar na tari. Hannuna ya kai kan wata kwalba, ya dawo.

"Baiwar Allah, lokaci fa."

Na ajiye takardar. "Ranki ya daɗe, na kasa. Ba zan ba mutum magani da ka ba. A kira likitan."

Na ɗauki jakata, ina tunanin da wane ido zan kalli Yaya.

"Likitan bai iya waya ba tukuna," ta ce. "Jikana ne, shekararsa uku. Jiya ya samu birona. Zauna ki sa hannu, kin ci."

Sannan ta jawo kwando daga ƙarƙashin tebur. Ƙullin magani goma sha ɗaya ne a ciki, kuma babu biyun da suka zo ɗaya.