Rijiyar da Gwamnati Ta Haƙa wa Tambaya

"Ku ƙara zurfi, Malam, kakana ya ce manyan tukwanen na can ƙasa," in ji Tambaya, yana leƙen ramin.

Shi da kansa ya binne tsingaron tsohuwar randa a bayan gidansa a Bungudu, ya kai rahoto Gusau cewa ya gano kayan tarihi. Matarsa Zuwaira ta ishe shi da zancen rijiya, shi kuwa ya ce ba don ado aka ba su jiha ba, gwamnati ce za ta haƙa.

Masu tonon kayan tarihi suka zo daga gidan tarihi na ƙasa, da buroshi da 'yan cokula, suna haƙa kamar masu tsintar shinkafa. Zabin Zuwaira suka ƙare a tukunyar baƙi, amma dai rami ya yi zurfi har ƙasa ta fara danshi.

Ranar tafiyarsu Tambaya ya dawo daga kasuwa da sabon guga. Ya tarar da fili sumul, shugabansu na daddanne wurin da takalmi.

"Ina ramin?"

"Mun cike shi, Baba. Ƙa'idar aikinmu ce, yadda muka sami wuri haka muke barinsa. Ba sai ka yi godiya ba."