Shinkafar Jan Buhu

Tun da aka soke zaɓe, aka ce cefanen mutum shi ne ƙuri'arsa, kowane mai shago yake ajiye buhu biyu. Wanda ya sayi na koren buhu ya goyi bayan masu mulki, wanda ya sayi na ja kuwa canji yake nema. Na koren ya fi araha nesa ba kusa ba.

Tabawa mai wankau ba ta taɓa damuwa da launin buhu ba, sai da aka rufe asibitin unguwarsu, 'yarta ta haihu a bakin titi. Bayan suna ta je wurin Sallau mai shinkafa.

"Auna mini mudu guda na jan," in ji ta.

Sallau ya rage murya. "Iya, kuɗinsa fa ya ninka na wancan."

"Na sani, da shirina na zo."

Ya daɗe yana fama da bakin buhun, don ƙullin ya cije. Da ya buɗe, sai ga ƙaiƙayi cike fal.

"Tun bara ba su kawo ba," ya ce. "Doka dai ta ce a ajiye buhun."

Ga mai jego can gida ba ta ci komai ba. Tabawa ta ce ya auno na koren.

Da ya ɗora a sikelin hukuma, sai muryar mace ta fito daga cikinsa a tausashe: "Mun gode da kika sake zaɓar mu."

"Ba komai," Tabawa ta amsa, don ba ta saba a yi mata godiya ta ƙyale ba.