Kayan da Aka Sauke a Gidan Gabriel

Ndakotsu tela ne ya rubuta takardar koken da hannunsa, a kan teburin yankan yadi, tef ɗin awo na reto a wuyansa kamar kullum. Layi shida ne kacal, amma sun isa su tashi Malam Gabriel daga unguwar da ya yi shekara ashirin a cikinta.

Ranar Asabar aka yi zaɓen kansila a Maikunkele. Jam'iyyar Garma, wadda Ndakotsu ke sakatarenta a mazaɓa, ta sha kaye a hannun 'yan jam'iyyar Tulu da ƙuri'a arba'in da ɗaya. Ta yaya? Duk mai zama a bencin shagonsa ɗan Garma ne. Duk wanda yake tsayawa su gaisa ɗan Garma ne. To su wa suka zaɓi Tulu, aljanu? Ai ko lokacin da 'yan Tulu suka bi teloli da kyautar kekunan ɗinki, a kan bencin nan ya dafa ƙirji ya ce gara ya koma ɗinkin hannu, aka tafa masa.

Kafin Litinin amsa ta iso. Wai tirela guda aka kawo, cike da akwatunan ƙuri'un da aka riga aka dangwale, aka sauke a gidan Gabriel, malamin firamaren da aka ɗauka aikin ƙidaya. Ndakotsu ya ji a wurin mai shayi, ya ji a bakin masallaci, ya kuma gani a saƙon waya. Wuri uku! Sai ya ji wani sanyi a ransa. Ashe ba ƙin su aka yi ba, ƙwace musu aka yi.

Gaskiya ya ji kunya da ya zo rubuta sunan. Katanga ɗaya ce ta raba su. Gabriel ne ya kai matar Ndakotsu asibiti a kan babur ranar da naƙuda ta kama ta, kuma kowa ya san shi mutum ne da za ka ba ajiya ka yi barci. Amma kunyar maƙwabci daban, kunyar faɗuwa zaɓe daban, ta biyun kuwa ta fi nauyi.

Ranar Talata matasa suka je bincike. Gabriel ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai su bi ta kansa. Ba su samu shiga ba, sai suka jefi kwanon rufinsa, suka kifar da kunun da matarsa Magdalene ke sayarwa. Da labarin ya zo shago, Ndakotsu ya sauke doguwar ajiyar zuciya, sannan ya ce wa 'yan benci, "Da ba wani abu yake ɓoyewa ba, me zai sa ya hana?"

Da yamma suka yi kiciɓis a lungu. Gabriel ya daɗe yana kallonsa.

"Ndakotsu, har da kai?"

Ndakotsu ya wuce kansa a ƙasa, yana faɗa wa kansa cewa haka marasa gaskiya suke yi, sai su nemi sa maka kunya.

Mai unguwa Shekwolo ya karanta takardar sau biyu, ya ninke. Ya ce shi ba ya korar mutum da "an ce". A kawo masa mutum ɗaya da ya gani da idonsa, gobe Gabriel ya kwashe kayansa.

Abu mai sauƙi, in ji Ndakotsu. Ya fita nema, yana dafe da bayan da ke masa ciwo tun ranar Juma'a.

Mai shayi ya ce shi bai gani ba, Mika'ilu direba ne ya faɗa masa. Mika'ilu ya ce ba tirela ba ce, bas ce, kuma a bakin matarsa ya ji. Matar ta ce wace bas? Baro ne. Ta ce a tambayi Halimatu mai gyaɗa, tsohuwar da ke zama a bakin lungu tun safe har la'asar.

Kowace ƙofa ya bari, tirelar sai ta ƙara ƙanƙancewa, shi kuma tafiyarsa ta ƙara nauyi.

Ya tarar da Halimatu tana ɓare gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce shaida ake nema.

"Ni ban ce tirela ba," in ji ta. "Kwali ɗaya na gani, babba, da hoton tulu a jiki. Ranar Juma'a, maza duk suna masallaci. Mutum ya turo shi a baro, ya rufe fuska da tawul, Malam ya kama masa suka shigar. Na ce ban san me ke ciki ba, shi ke nan mutane suka cika shi da ƙuri'a."

Ta hure ɓawon gyaɗar daga tafin hannunta, ta ɗago ta dube shi, ba fushi a idonta, sai tausayi.

"Malam ya rufa maka asiri, ni ma na rufa. Je ka ɗauke keken ɗinkinka daga gidan bawan Allahn nan, ɗana. Fuska kam ka rufe, amma tef ɗin yana wuyanka."