Wuƙar da Ta Ƙi Naɗuwa

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Baba ya ajiye wuƙar a buɗe kan tebur. "Duk wanda ya naɗe ta, na ba shi kabad ɗin gaba ɗaya."

Wuƙaƙen aljihu arba'in ne a ciki, kowacce da irin makullinta, ni kuwa ina son su kamar raina. Wannan ce kaɗai makullinta yake ɓoye. Yaya ya danna baya, ya danna gefe, har ya yanke yatsa.

"Kai da ko gwangwani ba ka iya buɗewa!" in ji Baffa yana dariya.

Da suka fita sallar la'asar, na matso. Tun da idon Baba ya yi rauni, shi ke faɗar sirrin kowane makulli, ni ina rubuta masa a littafi. Na murza ƙusar ƙota, na ture ƙarfen ciki da farce. Ƙas! Ta naɗe.

Yaya ne ya fara dawowa. Ya ɗauke ta yana jujjuyawa, sai ga su Baba.

Baba ya lalubi wuƙar a hannun Yaya. "Gado ba karambani ba! Wallahi ban taɓa faɗa wa kowa sirrin nan ba."

Sirrin kuwa yana shafi na sha bakwai a littafin, da rubutun hannuna.

Yaya ya kau da kai. "Ke, kwashe kofunan nan."

Na kwashe, na sulale ta bayan labule. Ba wanda ya waiwayo.