Tsagar Arzika

Tun da aka kafa dokar cewa ƙofar kasuwa ba ta buɗe wa mai tsaga a fuska, Arzika ya kai kumatunsa aka goge masa tsagar Gobirawa da injin haske. Masu injin sun ce fatar kan mutu na kwana biyu, ta farfaɗo. Ga shi kwana biyun sun wuce, yau mutuwar fatar ta kai leɓe.

Da ya isa ƙauye, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa makauniya. Ta shafa fuskarsa yadda ta saba. Yana kallon yatsunta, amma ba ya jin su.

Ta janye hannu a hankali. "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ya buɗe baki zai ce, "Ni ne, Inna." Harshen ma ya ƙi motsi.