Wayoyin da Sammani ya binne a bango

Hafizullahi mai haɗa wuta yana kan tsani yana sassaƙe bango, Sammani kuma yana ƙasa yana leƙen ƙofar gida kamar wanda ya saci akuya. Talabijin dai ta riga ta hau bangon falo, faffaɗa, baƙa wuluk. Wayoyin da ke reto a ƙarƙashinta su ne suka hana shi sakat.

Ba sata ya yi ba, guminsa ne. Sai dai Sammani ɗan gidan malamai ne a Sabon Birni, kuma wan mahaifinsa, Malam Lawwali, tsufa ya kama shi, yana shirin miƙa Islamiyyar gidan ga ɗaya daga cikin 'ya'yan dangi. Mutum biyu ake zance, Sammani da Mubashshir. Sammani ya ƙarar da ƙuruciyarsa a makarantar nan, yana son ta har cikin ransa. Ƙwallo ma yana so, haka Allah ya yi shi.

Malam Lawwali kuwa ba abin da ya tsana irin talabijin. In ya fara caccakar masu kallon ƙwallo, har yadda suke dafe kai idan an zubar da fanareti yake kwatantawa, da yadda alƙalin wasa ke ƙara lokaci har magariba ta wuce su. Jama'a su yi ta jinjina kai, wai ilimin Malam ba inda bai kai ba.

Don haka aka ɗauko Hafizullahi takanas daga garin Isa, saboda masu gyaran Sabon Birni bakinsu ya fi hannunsu sauri. Ya zura wayoyin cikin siririn bututu, ya binne a bango, ya shafe da siminti, ya bi da fenti. Sifikoki suka shige silin. Dikoda ta samu ɗan akwati a ƙasa, kwanon satalayit ya koma bayan tankin ruwa. Ita kanta talabijin aka yi mata murfin katako mai kama da kabad, aka jera littattafan fiƙihu a samansa. Bayin Allah, su aka bar wa gadi.

"Kwantar da hankalinka," in ji Hafizullahi yana naɗe kayansa. "Wanga aiki ba yau na hwara shi ba."

Sammani ya ɗauki maganar a matsayin cika bakin masu sana'a.

Abin da bai sani ba shi ne, Mubashshir ya hangi kwalin talabijin a bayan babur ranar kasuwa. Ya kai wa Malam labari, don Allah kawai, kamar yadda ya rantse. Washegari saƙo ya iso: Malam zai zo gaida iyali bayan la'asar. Mutumin da ba ya taka gidan kowa sai suna ko ta'aziyya.

Ya zo, Mubashshir na biye da shi yana riƙe masa buzu. Nana matar Sammani ta gaishe su, ta ajiye fura, ta yi ciki da sauri ta bar mijinta da abin da ya jawo.

Malam bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar falo ya ɗaga kai, idonsa ya sauka daidai kusurwar silin da sifika take. Daga nan ya gangaro da kallonsa bango, sannu a hankali, a kan layin da aka binne bututun, bai kauce ko da faɗin yatsa ba. Tsohon ya matsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan fentin, ya shafa. Sannan ya ƙi buzun, ya zaɓi kujerar da ke fuskantar kabad ɗin, wadda Sammani ya ajiye wa kansa, ya zauna ya miƙe ƙafa.

Mubashshir kuwa ya leƙa bayan labule, ya leƙa ƙarƙashin tebur, har bayan ƙofa bai bari ba. Ko guntun waya bai gani ba.

"Ina abin da kac ce ka gani?" in ji Malam.

"Baba, wallahi na ga kwalin..."

"Kwali kag gani. Ni littattahwai nika gani. Hita ka jira ni waje, kuma ka nemi gahwarar ɗan'uwanka."

Mubashshir ya fita. Malam ya sha fura, ya goge gemu, ya ce daga ranar Asabar makaranta ta koma hannun Sammani, don shugabanci sai mai natsuwa, wanda ya iya rufa wa gidansa asiri. Sammani ya durƙusa yana godiya, hawaye na zubo masa. Murna ce, amma da kunya a ciki, domin ya yaudari tsohon da bai san komai ba sai karatu da carbi.

Malam ya dogara sandarsa ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo, ya sunkuya gaban kabad ɗin, ya ƙwanƙwasa ɗan akwatin da ke ƙasa da kan sanda, ya rage murya.

"Ka sa a huda ma dikodar nan wurin shan iska. Tawa haka taƙ ƙone, ana tsakiyar wasan ƙarshe."