Mai Gadin Tafki

Ranar wata Laraba da hantsi, farkon damina, wani duba-gari ya iso wani ƙauye, ya tarar da wani manomi a bakin tafkin da gari ke sha, ya tsoma ƙafarsa cikin ruwa yana lumshe ido. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu, ruwan sanyi kaɗai ke kashe masa zogin. Damina biyu ke nan ciwon yana kwantar da shi daidai lokacin noma, har rumbunsa ya zama ɗakin kaji, iyalinsa suna ci daga hannun ƙanensa. Duba-garin ya tsuguna ya gaishe shi, ya bayyana masa cewa duk sa'ad da ƙafar ta taɓa ruwa, tsutsar tana zuba 'ya'yanta a ciki, wanda ya sha kuma sai baɗi za ta fito masa. Manomin ya janye ƙafarsa ya ce, "Ashe shuka nake yi, Malam."

Tun da ba ya iya zuwa gona, sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar bakin tafkin. Mai kurkunu in ya zo, ya tsaya daga tudu, masu lafiya su ɗebo masa. Kowace mace kuma sai ta ɗaura ƙyalle mai tsabta a bakin tulu ta tace ruwan kafin ta ɗauka. Wasu suka yi ƙorafi cewa kakanninsu ba su tace ba. Abokan wasansa suka naɗa shi Sarkin Kwaɗi, suna faɗuwa suna gaisuwa, shi kuwa yana amsawa da "An gaishe ku, a tace." A wannan damina bai ga amfanin komai ba, gonarsa ma ciyawa ta cinye rabinta. Da rani ya warke, amma bai bar tsamiyar ba.

Da ruwa ya sake sauka, mutane suka yi ta duba ƙafafunsu kowace safiya. Ta manomin ƙalau, na mutanen gari ma haka. Ranar da ya kira gayya, maza suka fito har fartanya ta yi kaɗan, aka aika aro ƙauyen gaba, mai gangar noma ya kaɗa har fatar ta saki. Da kaka sai da manomin ya gina rumbu na biyu, ya aika wa ƙanensa da dammunan gero a kan jakuna.

Hausawa dai sun ce, rigakafi ya fi magani.